Tafiyar Keke a Hanyar Zubaida: Ina Ladan Yake?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Shekaranjiya bayan sallar isha'i wani ƙanenmu da ke karatu a Saudiyya ya turo min saƙo. Ya ce su tara ne, ɗalibai da ma'aikata, sun shirya idan hutu ya zo za su hau kekuna su bi tsohuwar hanyar alhazan Iraƙi, wadda ake kira Darbu Zubaida, daga garin Faid har Makka, su yi Umara. Amma gardama ta raba su biyu. Wasu sun ce a ɗauki hayar motar da za ta riƙa bin su da ruwa da abinci. Wasu sun ce a'a, mota rage lada za ta yi, kowa ya goya guzurinsa a sha wahala kamar yadda magabata suka sha. Ya rufe da cewa: "Allah Ya gafarta Malam, wane ne yake kan daidai? Kuma da gaske ne Umararmu za ta fi ta wanda ya zo a jirgi?"

Na ce masa zan amsa a nan domin kowa ya amfana. Tambayar ta taɓa ni, don ni ma na taɓa yin kwana uku a kan keke a wani yanki na wannan hanyar lokacin ina ɗalibi, kuma irin wannan tunanin ya kusa halaka ni.

Bari mu fara da hanyar kanta.

Darbu Zubaida ta taso ne daga Kufa a Iraƙi, ta ratsa sahara ta sauka Makka, tafiyar kimanin kilomita 1,400. Ayarai sun san hanyar tun kafin daular Abbasiyawa, amma su ne suka gyara ta. Tun zamanin halifansu na farko, As-Saffah, aka fara kafa duwatsun da ke nuna nisan tafiya da hasumiyoyin da ake kunna wuta a kai don matafiyan dare. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara gina zango-zango da rijiyoyi. Manyan zangon hanyar 27 ne, da wasu ƙanana a tsakaninsu. Faid, inda 'yan uwanmu ke son tashi, tana kimanin kilomita 120 kudu maso gabashin Ha'il, kuma ita ce kusan tsakiyar hanya. A can alhazai kan ajiye wani ɓangare na guzurinsu, idan sun dawo su ɗauka. Gaba da ita akwai Samira, akwai Rabaza inda Abu Zarrin Al-Gifari (RA) ya rasu a shekara ta 32 bayan hijira, sannan Zatu Irƙin, miƙatin mutanen Iraƙi.

Halifofi da yawa sun yi aiki a wannan hanya. Haruna Rashid da kansa ya bi ta ya yi Hajji sau da dama. Dubban malamai da waliyyai da sarakuna sun taka ta. Duk da haka sunan mace ɗaya ne ya maƙale mata: Zubaida 'yar Ja'afar, jikar Halifa Mansur, matar Haruna Rashid, wadda ta rasu a Bagadaza a shekara ta 216 bayan hijira (831 Miladiyya).

Me ta yi? Ruwa ta samar. Ta yi Hajji ta ga yadda ƙishirwa ke gallabar mutane, har masu tarihi sun ambata cewa salkar ruwa ɗaya takan kai dinari a Makka. Ta sa aka janyo ruwa daga Wadi Nu'uman ta cikin duwatsu zuwa Arfa da kewayen Makka, abin da ake kira Ainu Zubaida. An ruwaito cewa wakilinta ya tsorata da yawan kuɗin da aikin zai ci, ta ce masa a yi, ko da kowane sara ɗaya na diga dinari zai ci. A kan hanyar Iraƙi kuma ta sa aka haƙa rijiyoyi, aka gina manyan tafkuna na dutse da Larabawa ke kira birka, wasu zagayayyu wasu masu kusurwa huɗu, da matakala don mai ɗiba ya sauka. Ana gina su ne a bakin kwari inda ruwan sama ke gangarowa, wasu ma da ƙaramin tafki a gabansu inda laka za ta kwanta kafin ruwan ya shiga babban.

Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya bi hanyar tare da ayarin alhazai a shekara ta 580 bayan hijira (1184), shekaru sama da 360 bayan rasuwarta. Ya tarar ana shan ruwan tafkunan, ya kuma shaida cewa ba don su ba da hanyar ba ta biyu ba.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu labarina. Mu goma sha biyu ne, 'yan ƙasashe daban-daban, a tsakiyar hunturu. Mun tashi daga Faid muka nufi wajen Samira, da a-kori-kura ɗaya ɗauke da jarkokin ruwa da tantuna. A cikinmu akwai wani bawan Allah da ya girme mu duka, mai jiki, kekensa ma aro ne. Ranar farko da ƙyar ya ƙarasa zango, ƙafafunsa sun kumbura. Da safe ya ce shi kam ya haƙura, ya ɗora kekensa a bayan mota ya zauna kusa da direba. Muka yi ta tsokanarsa, muna cewa Alhaji ya sayar da ladansa da kujera. Murmushi kawai ya yi. Ni kuma a zuciyata, Allah Ya yafe min, raina shi na yi.

Rana ta biyu mu uku masu jin ƙarfi muka ga jama'a suna ja mana tafiya. Amirinmu ya ce kada kowa ya wuce inda ido zai hange shi. Muka ce to, amma da muka samu ƙasa mai tauri muka taka feda muka ɓace. Kowannenmu gora biyu ya ɗauka, don a ganinmu ai sanyi ake yi. Wanda bai shiga sahara ba bai san cewa iskar hunturu ma tana busar da maƙogwaro ba. Kafin azahar gorunan sun ƙare. Tayar ɗayanmu ta yi faci a kan tsakuwa, famfon kuma yana cikin mota. Muka duba waya, babu sabis. Muka tura kekunan cikin rairayi har muka iske wata tsohuwar birka, rabinta ƙasa ta cike, babu ko ɗigo a ciki. Muka zauna a jikin katangarta inda ɗan inuwa yake.

Wallahi 'yan uwa, a wannan zaman babu wanda ya yi maganar lada a cikinmu. Harshena ya yi nauyi, kaina yana sarawa. La'asar ta yi muka yi taimama, kuma ban san me na karanta a sallar ba. Ina kallon matakalar birkar, ina tunanin mutanen da suka sassaƙa duwatsun nan suka jera su, da matar da ta biya su, domin kada wani baƙo da ba ta sani ba ya zauna irin zaman da nake yi.

Dab da magariba muka ji ƙarar mota. Wanda ya diro da jarka a kafaɗa yana ɗingishi, shi ne mutumin da muka yi wa dariya. Shi ne ya fara lura ba ma nan, shi ne ya matsa wa direba su bi sawun tayoyinmu, yana sauka yana duba ƙasa duk inda sawun ya ɓace. Ya ba mu ruwa kaɗan-kaɗan, ya hana mu kwankwaɗa. Bai ce mana komai ba game da jiya.

A daren nan na tuna da hadisin Anas (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda na haddace don jarrabawa amma ban taɓa fahimtarsa ba sai ranar. Sahabbai suna tafiya da Manzon Allah (SAW) a rana mai tsananin zafi, wasu suna azumi wasu ba sa yi. Da aka sauka, masu azumi suka zube, marasa azumi suka tashi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi. Sai Annabi (SAW) ya bayyana cewa a wannan rana marasa azumin ne suka kwashe ladan.

To, ƙanena mai tambaya, ga amsarka.

Wahala ba abar nema ba ce a addininmu. Allah Ya faɗa mana a Suratul Baƙara aya ta 185 cewa sauƙi Yake nufi da mu. Annabi (SAW) ya ga wani dattijo ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu, ya tambaya, aka ce alwashi ya yi zai je Ka'aba da ƙafa. Ya ce Allah ba Ya bukatar wannan mutum ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. 'Yar uwar Uƙbatu bin Amir (RA) ma ta yi irin wannan alwashi, aka ce mata ta yi tafiya ta kuma hau. Abu Isra'il ya yi alwashin tsayuwa cikin rana, ba zama, ba magana, yana azumi. Annabi (SAW) ya ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Ka duba da kyau: an bar masa azumin domin shi ibada ne, an soke tsayuwar ranar domin ita azaba ce kawai.

Na san abin da masu cewa a bar mota za su kafa hujja da shi. Za su ce ai Annabi (SAW) ya gaya wa Nana A'isha (RA) cewa ladan Umararta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Hadisin ya inganta. Amma malamai sun yi bayani cewa ana nufin wahalar da ibadar ta zo da ita, wadda ba makawa sai an sha ta. Wanda ya yi alwala da ruwan sanyi da asuba domin shi kaɗai yake da shi, yana da ladan haƙurinsa. Wanda ga ruwan ɗumi a buta ya tsallake shi ya je neman ƙanƙara, babu abin da ya ƙara sai mura.

Za su kuma ce Suratul Hajji aya ta 27 ta ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan raƙuma. Gaskiya ne, kuma saboda haka wasu magabata sun fifita tafiyar ƙafa ga mai iko. Saɓani ne sananne, ba na ɓoye shi. Sai dai a mazhabar Malikiyya hawa ya fi, domin Annabi (SAW) a kan taguwarsa ya yi Hajji. Kuma ko waɗanda suka fifita ƙafa, babu wanda ya ce a shiga sahara babu ruwa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa wasu mutanen Yaman sukan zo Hajji babu guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka su koma roƙon mutane, sai aya ta 197 a Baƙara ta sauka tana umartar a yi guzuri.

Magabatan da kuke son koyi da su ma ba haka suka yi ba. Ayarin Iraƙi yana tafiya ne da amirul hajji, da 'yan rakiya, da raƙuman ɗaukar ruwa, daga birka zuwa birka. Motar da kuke gardama a kanta ita ce raƙumin ruwan zamaninku. Haka kakanninmu da suka tashi daga Kano da Sakkwato da Borno suka bi ta Chadi, suka shiga Janaina da Fashir da Ubayyid har Sawakin suka tsallaka Jidda. Wasu shekaru suka yi a hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzurin gaba. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na Sudan har yau. Rashin wata hanya ne ya sa suka taka, kuma Allah Ya ba su ladan haƙurinsu. Da an miƙa wa ɗayansu tikitin jirgi, da hamdala zai yi ya hau.

Wannan magana ba wasa ba ce. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, yawancinsu saboda zafi, kuma sun ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya cikin rana babu matsuguni. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi niyyarsu. Amma ranka amana ne a hannunka, kuma akwai iyaye da suka tura ka karatu suna jiran dawowarka.

Saboda haka Umararku ba za ta fi ta mai jirgi ba don kawai kun zo a keke. Abin da ke fifita aiki shi ne ikhlasi da bin sunna. Mai yiwuwa tsohuwar da ta shekara goma tana adashi ta zo a jirgi aka tura ta a keken guragu ta fi ku duka a wurin Allah.

Shin ina hana ku tafiyar ne? A'a. Hawan keke halal ne, motsa jiki abu ne mai kyau, kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Abin da na koya a kwana ukun nan ban koye shi a aji ba. Ku je, amma da waɗannan sharuɗɗa:

1. Ku gyara niyya. Umara ita ce ibada, keke abin hawa ne. Hanyar kanta tarihi ce da wa'azi, ba wurin neman tabarraki ba. Masallatai uku kaɗai aka yarda a ɗaura sirdi don ibada a cikinsu: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Kada wani ya shafi dutsen birka ko ya ɗebo ƙasar Rabaza ya ce albarka ce.

2. Ku naɗa amiri, ku kuma yi masa biyayya. Annabi (SAW) ya yi umarni da haka ko da mutum uku ne. Mu da muka saɓa wa namu kun ji yadda ta kaya.

3. Ku tafi da saurin mafi rauninku. Jabir (RA) ya ba da labari cewa Annabi (SAW) yakan tsaya a bayan ayari yana kora masu rauni, yana goya su, yana yi musu addu'a.

4. Ku ɗauki mota, da ruwa fiye da lissafinku, da famfo da kayan faci a jikin kowane keke. Ku nemi izinin hukuma, ku samu ɗan gari da ya san ƙasar, ku tafi da hunturu.

5. Sallah ita ce gaba da komai. Ku matafiya ne, tafiyarku ta wuce buruda huɗu, wato kimanin kilomita 80, don haka za ku yi ƙasaru, kuma ya halatta ku haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. Idan ruwan da ya rage na sha ne, ku yi taimama. Amma kada a ce saura kilomita goma mu kai zango har rana ta faɗi ba a yi la'asar ba.

6. Ku kula da sutura. Gajeren wandon 'yan tseren keke mai ɗame jiki bai rufe al'aura yadda ya kamata ba. A ɗora wando mai yalwa da ya wuce gwiwa.

7. Mai nufin Umara ba ya wuce miƙati babu harama. A Zatu Irƙin za ku ɗaura, saura kusan kilomita 100 zuwa Makka. Namiji mai harama ba ya rufe kansa, don haka wanda ya sa hular kwano saboda tsaron lafiyarsa fidiya ta hau kansa: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya ko tunkiya. Ga kuma zanen harama da sarƙar keke ba sa jituwa. Shawarata, daga miƙati ku ɗora kekunan a mota ku shiga Makka da natsuwa da talbiyya.

8. Ku yi hattara da kyamara. Ɗaukar hoto don tarihi daban, tafiya don a ce wane ya je Makka a keke daban. Kowa ya san zuciyarsa. Ka tambayi kanka tun yanzu: idan an ce babu wanda zai ɗora komai a Facebook, zan je?

Yanzu mu koma kan abin da na ce ku riƙe. Miliyoyin mutane sun sha wahala a wannan hanya, Allah Ya san su ɗaya bayan ɗaya. Amma wadda ladan aikinta ya ci gaba da gudana ɗaruruwan shekaru, in sha Allahu, ita ce wadda ta rage wa mutane wahalar. Sa'adu bin Ubada (RA) ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi da zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya. Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Wani mutum an gafarta masa saboda kare da ya shayar. Sai dai a haɗa da imani da ikhlasi, domin Suratut Tauba aya ta 19 ta nuna cewa shayar da alhazai shi kaɗai ba ya tsayawa a matsayin imani.

Birkar da na zauna a jikinta a bushe take. Hanyar ta fara mutuwa ne lokacin da tsaro ya lalace. Ƙaramiɗa sun afka wa ayarin alhazai a shekara ta 312 bayan hijira, a 317 suka shiga Makka suka ɗauke Hajarul Aswad, daga baya Bagadaza ta faɗi a hannun Tattar a 656 (1258). Da ayarai suka ragu, masu yashe tafkunan suka watse, rairayi ya cike su. Aikin alheri yana bukatar mai kula da shi bayan mai ginawa.

Mu da muke gida, wannan darasin namu ne kai tsaye. Rijiyar burtsatse nawa ce a unguwarku da aka buɗe da biki, yau ta shekara biyu ba ta aiki saboda ƙarfe ɗaya da ya karye? Yara mata nawa ne ke makara makaranta suna layin famfon tuƙa-tuƙa? Masallaci nawa ne liman ke sayen ruwan alwala a wurin 'yan ga-ruwa? Ba sai kana da dukiyar Zubaida ba. Mutum tara da za su iya haɗa kuɗin kekuna da tantuna za su iya haɗa kuɗin gyaran famfo ɗaya.

Don haka na ce wa ƙanenmu: ku ɗauki motar. Wanda ya gaji a cikinku ya hau ta, kada kowa ya yi masa dariya. Ku riƙa karɓa-karɓa wajen raba ruwa da dafa abinci, kuma ku yi rige-rige a kan wannan fiye da rige-rigen isa zango. Sannan kafin ku tashi daga Faid, ku ware wani abu daga kuɗin tafiyar, ku zaɓi ƙauye ɗaya a cikin garuruwanku da famfonsa ya lalace, ku gyara shi, ku kuma sa wanda zai riƙa duba shi.

Shi kuwa mutumin da ya kawo mana ruwa, na nemi yafiyarsa washegari. Ya ce shi bai ma riƙe ba. Tun da muka gama karatu ban sake ganinsa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Allah Ya jiƙan Zubaida da duk wanda ya haƙa rijiya don Allah. Allah Ya kai 'yan uwanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya karɓi Umararsu. Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan da ƙasashenmu baki ɗaya. Allah Ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa (SAW) ranar ƙishirwa babba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.